Gilashin Kakana

Jiya na tsinci gilashin ƙara girma na kakana, har yanzu yana ƙanshin kanumfari. Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji ne. A zaurenmu na Gyadi-Gyadi ya taɓa miƙo min shi da ganye, ya ce, "Amaryata, wanda bai zo da tambaya ba, ba ya ganin komai. Haka ma wanda ya zo da amsarsa."

Bara, watan da sojoji suka miƙa mulki, ya kwanta rashin lafiya. Wani mai kemis a Tarauni tun daga ƙofa ya ce zazzaɓin sauro ne. Ni na ga idanun Kaka sun yi rawaya, kunya ta hana ni magana.

Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya buɗe min baki.