Jirgin da Ba Ya Shan Ruwa

A garinmu, Anka, babu layin dogo. Har na yi wayo ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ko a hoto. Amma na san ƙararsa, na san warinsa, na san yadda ƙasa ke rawa kafin ya ɓullo, duk daga bakin kakata, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Inna Babba. Tana amarya kakanmu ya tafi da ita wata 'yar tasha tsakanin Funtuwa da Gusau, inda yake lebura cikin masu gyaran layi. Sai da ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta.

Idan ɗari ya shigo, an gama kai hatsi rumbu, da an idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa yana tura 'yar gyaɗarsa cikin toka. Ni ce sarkin surutu a cikinmu, shi ya sa take ce mini Uwar Magana. In na matsa kusa da ita sai ta ture ni da gwiwa.

"Ke Luba, matsa can! Kin tare min wuta, kin tare min kunne. Wanda duk yak kwashe ki ya kwaso ma kainai rediyo."

Tatsuniyoyinta na kura da zomo ne, da na 'yan matan da suka je rafi suka gamu da dodo. Muna son su, muna dariya har a leƙo daga turaka a tsawata mana. Amma akwai guda ɗaya da take yi sau ɗaya tak a kowane ɗari, ba kura ba dodo, kuma ba ma sonta. In za ta fara, sai ta daina tsokana, ta zuba wa wuta ido.

"Ga ta nan tahe bisa dogo," in ji ta.

Mu amsa, ba da son ranmu ba, "Ta iso tasha mu ji ta."

Ta ce a wannan tasha da suka zauna ba kowa sai gidajen leburori shida, da ɗakin mai tuta, da wani ƙaton tankin ruwa bisa ƙafafun ƙarfe. Jirgin wancan zamani kwal yake ci, ruwa yake sha. Ko na kaya ne, wanda ba ya ɗaukar fasinja, dole ya tsaya gindin tankin nan a zura masa ruwa. In zai gangara kudu, taragunsa cike suke da gyaɗa da auduga da fatu, wani lokaci da shanu suna leƙe ta tsakanin katako. In zai hau Gusau, gishiri ne da kananzir da siminti, sai tarago guda na akwatuna da ƙunshin saƙonni. Yana tsayawa mata su fito da fura da dafaffen rogo, wasu da kwanoni suna tarar ruwan zafi daga cikin kan jirgin, wasu suna tsintar kwal ɗin da ya zube. A tarago na ƙarshe akwai mai gadin jirgi, ya san kowa. In mutum ya matsu, shi yake raɓawa ya roƙa, a ɗan matsa masa wuri har Gusau.

"Ƙishinai shi ka sada zumuncinmu da shi," in ji Inna Babba. "Ba don yana son mu yaka tsayawa ba."

To, a cikin matan akwai wata yarinya mai ɗan fari, ɗan shekara biyu. Kun san al'adarmu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Wannan ita ce kunya, kuma yarinyar 'yar gidan malamai ce, an hore ta da ita sosai. Sai zazzaɓi ya kama yaron, mijinta kuwa yana can nesa tare da 'yan aiki, sai ƙarshen mako zai dawo. Ta jiƙa saiwa, ta shafa masa rubutu, kwana biyu ba sauƙi. Ran na uku da hantsi ya fara jijjiga, ido ya juye. Ta ce a ranta, yau jirgin gishiri zai hau, in ya tsaya shan ruwa sai in raɓa wurin mai gadi a hankali, ba wanda ya ji, ya kai mu asibitin Gusau.

Ta goya shi, ta lulluɓe da mayafi, ta je gindin tanki ta tsaya. Ta ji mata suna cewa an kawo sabon kan jirgi mai shan man dizal, amma ba ta sa abin a ranta ba. A ganinta duk abin da ke tafiya ƙishi na kama shi.

Sai ga mai tuta ya fito, dattijo, sa'an babanta, da tutocinsa biyu a hammata, ja da kore. Ya gan ta.

"Lahiya, ɗiyata?"

A nan Inna Babba takan ƙara tura kara cikin wuta.

"Tac ce mishi, lahiya lau, Baba."

Bayanta yana ƙuna da zafin jikin yaron, amma bakinta ya kasa cewa ɗana ne ba lafiya a gaban babban mutum. Dattijo ya wuce bakin layi. Ƙasa ta fara rawa. Abin da ya ɓullo ba baƙi ba ne, ba hayaƙi mai tashi sama, ba huci. Wani dogon akwatin ƙarfe ne mai gurnani, yana warin mai. Mai tuta ya ɗaga kore. Jirgin bai ko rage gudu ba. Ta ga tarago na wucewa bayan tarago, ta ga na saƙonni, ta ga mai gadi a ƙofarsa har ya ɗaga mata hannu yana gaisuwa. Ko a lokacin ba ta yi ihu ba. Ta tsaya har ƙarar ta ɓace.

"Yaron fa?" Kullum sai wani cikinmu ya tambaya, ko da ya san amsar.

"Kahin la'asar Mai shi ya amshi abinai. Da mai tuta yaz zo gaisuwa, zama yay yi ƙasa yana kuka da gemunai. Yac ce, ɗiyata, ja tana hammatata. Da kin buɗe baki, wallahi da na tsai da shi, ko za a kore ni aiki."

Shi ke nan tatsuniyar. Ba ta rufe ta da kan kusu ko kan ɓera, sai dai ta tattara bakin wuta ta ce mu tashi. Wata shekara, ina da kamar tara, haushi ya ishe ni, na ce, "Kai, Inna Babba, wagga mata wawuya ce! Magana guda ta gagare ta?"

Na zaci za ta ture ni da gwiwa. Sai ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Awo, Uwar Magana. Wawuya ce."

Wallahi har yau in na tuna wannan kalma tawa sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Na girma, aka kai ni Bagega, gidan wani manomi mai suna Garba. Da na haifi ɗan fari na dawo Anka wankan jego. Inna Babba ta tsufa tukuf, ido ya yi rauni, amma ta ce ba mai gasa mata jika sai a gabanta. Wata safiya an gama yi mini wanka, mu biyu ne a ɗaki, ta karɓi jaririn ta shinshina kansa.

"Mi as sunanai?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ai ta san sunan, a gabanta aka raɗa.

"Hwaɗi in ji da bakinki."

"Haba Inna Babba, da kunya."

"Kunya," in ji ta. "Ke da kika tambayar komi, ba ki taɓa tambaya ba don mi aka ce ma ubanki Sambo, alhali shi ab babba cikin ɗiyana?"

Kowa a ƙasarmu ya san Sambo ɗa na biyu ake kira haka. Na tashi ina jin ana kiran babana da shi, ban taɓa lissafawa ba.

"Usumanu," ta ce a hankali, kamar mai taɓa gyambo. "Sunanai Usumanu. Yana nan kwance bayan tanki. Tun da anka raɗa mai suna ban hwaɗe shi ba sai yau."

Na yi kuka, na roƙe ta gafarar abin da na faɗa ina yarinya. Ta ce ba ta riƙe ni ba, gaskiya na faɗa. Ta sake tambayata sunan yarona. Na ce Bashiru. Ta ce in ƙara. Na ƙara har sau uku. Ba ta ga yayensa ba.

Bashiru yana shekara biyu zinariya ta rikita Bagega. Maza suka bar gona suka koma rami, ana kawo dutse cikin gida ana dakawa ana niƙawa, har a turmin da muke daka hatsi. Yara suna rarrafe cikin garin dutsen. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Sai yara suka fara amai da jijjiga, ana kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Aka ce iska ce, aka ce mayu ne. Daga baya likitoci suka fara zuwa da farar mota, suna ɗibar yara zuwa Anka.

Ran da cutar ta faɗo kan Bashiru, Garba yana rami. Da hantsi yaron ya sandare a hannuna, ido ya juye. Surukata, baiwar Allah, ba mugunta a ranta, ta karɓe shi ta ce in koma ɗaki, ba a san uwa da rawar jiki kan ɗan fari ba, a jira ubansa ya dawo da azahar. Na juya zan shiga ɗaki, don haka aka hore ni ni ma. Sai na jiyo ƙarar motar likitoci daga bayan gari. Ba ranar zuwansu garinmu ba ce, daga wani ƙauye suka fito, wucewa za su yi.

Ban san lokacin da na fizge yaron ba. Na fita ba mayafi, ba takalmi, na ratsa ta gaban dattawa suna zaune a gindin bishiyar bedi, har da baban mijina. Ɗaya ya ce, "Lahiya, Luba?"

"Ba lahiya ba! Ɗana za ya mutuwa! Bashiru na za ya mutuwa!"

Na shiga tsakiyar hanya na tsaya, na ɗaga shi sama da hannu biyu. Direba ya taka birki har motar ta karkace.

Mun yi makonni a asibiti ana ba shi maganin fitar da gubar. Ya rayu. Maganarsa tana da nauyi har yau, karatu ma sai a hankali, amma ga shi nan ya fi ni tsawo, shi ke yi mini noma. An daɗe ana ba da labarina a Bagega, wai matar Garba ta kira sunan ɗan fari a gaban surukinta, kai ba ɗankwali. Ban taɓa jin zafin maganar ba.

Da ina yarinya na ɗauka jirgin ne mugu a tatsuniyar, tunda shi ya ƙi tsayawa. Yanzu na gane ba ruwansa, an sauya masa ciki ne, ƙishinsa ya ƙare. Kuma ban raina kunya ba, ado ce, da ita na tarbiyyantar da 'ya'yana mata. Sai dai na san inda take ƙarewa, domin wata ta biya mini kuɗin sanin da ɗanta. Shekara da shekaru tana zaunar da mu gaban wuta tana kai kanta ƙara wurin yara, ko Allah zai sa ɗaya daga cikinmu ta ji.

Bara na bi motar haya zuwa Zariya, muka tsallaka layin dogo bayan Gusau. Ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai. Daga nesa na hango wani tsohon tanki bisa ƙafafun ƙarfe. Ban sani ba ko shi ne. Na dai ce wa direba ya tsaya, da ƙarfi, har fasinjoji suka waiwayo. Ya tsaya. Na sauka na ɗaga hannu na yi wa Usumanu addu'a, na kira shi da sunansa, na kuma gaya masa sunan innarsa.