Ƙofar da Kumanjayi Ya Bari a Buɗe

Ba zan faɗi sunansa ba. A wurinmu, mu 'yan asalin wannan ƙasa, idan mutum ya rasu, sunansa ma kwanciya yake yi, sai mu riƙa ce masa Kumanjayi. Hotunansa a rufe su, muryarsa kuma ba a sake kunna ta, don ya samu ya koma ƙasar kakanninsa ba mai janyo shi baya.

Tare muka tashi a Tennant Creek, tare muka bar makaranta da wuri, muka shiga aikin gyaran hanya. Shi ke tuƙa gireda, ni ina biye da tankar ruwa. Ƙaton mutum ne mai 'yar siririyar dariya. In an gasa wutsiyar kangaru, naman dajin da ake farauta a wajenmu, shi ke rabawa, kuma kullum kasonsa ne ƙarami.

Da ciwon ƙoda ya kama yayarsa Valda, ba a samu gurbin wankin jini a nan ba, aka kai ta Darwin. Idonta ya riga ya dushe, ba ta iya lalubo lamba a waya. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya samo wata tsohuwar kwamfuta, ya ɗora ta kan mataccen firji a ɗakin wanki, ya mai da ita sabar, wato zauren hira na dangi, inda kowa zai shigo daga duk garin da yake. Ya zuba waƙoƙin tsofaffinmu a ciki. Na ce masa ai ga manhajoji nan kyauta. Ya ce shi ba zai kai hirar gida ajiya a rumbun baƙo ba.

A cikin gida abin ya yi aiki, amma daga waje ba mai iya shiga. Ya daɗe yana fama kafin ya gane. Ranar da ya ci nasara ya zaunar da ni dole, ya nuna mini rauta, ɗan akwatin nan mai ƙifta fitilu. Ya ce mai gadi ce, duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje korarsa take yi, sai an gaya mata cewa mai zuwa ta ƙofa mai lamba kaza a kai shi wurin kwamfutar ɗakin wanki.

"Clarrie, kanka kamar tankarka yake, ana zubawa yana yoyo," in ji shi. "Wannan kaɗai ka riƙe. Ka sa alama a nan, ƙofa ta buɗe. Ka cire, ta rufe."

Ya saita wa Valda wayarta da maɓalli guda. Don ta san ta iso, ya ɗauki muryarsa ya sa a bakin zauren. Duk wanda ya shiga sai ya ji: "Wa ke nan? Shigo, shayi na kan wuta."

Zuciyarsa ce ta tsaya, da rana tsaka, a gefen hanyar da muke gyarawa. Matarsa Merlene ta bar gidan ta koma wurin zaman makoki. Aka turara ɗakuna da hayaƙin ganye, aka juya hotuna. Ba wanda ya tuna da ɗakin wanki.

Ana cikin zaman, ƙanwar Merlene ta danna wayarta ta shiga zauren don ta sanar da dangin nesa ranar jana'iza. Sai ga muryarsa a tsakiyar mata, yana tambayar wa ke nan. Na ga tsofaffi sun toshe kunne suna ja da baya.

Merlene ta sa aka kira ni, ta ce in sa ya yi shiru. Na je gidan. Cire muryar ya fi ƙarfina, domin kalmar sirrin kwamfutar ta tafi da shi. Zare wuta kuma na ji tsoro, don ya sha faɗa cewa tsohuwar nan in ta mutu ba lallai ta farka ba, ga waƙoƙin a cikinta. Saura ƙofa. In na rufe, na raba Valda da mutanenta ke nan.

Na kira asibitin, wata nas ta kara mata waya a kunne. Na gaya mata komai. Sai ta ce tun da ya rasu kowace safiya sai ta shiga, ba don kowa ba, don ya tambaye ta, ta ce masa ita ce.

"Na san bai kamata ba," in ji ta. "Rufe, ƙanena. Muddin muna ƙwanƙwasawa, tsayawa zai yi yana buɗe mana."

Na ce to ita fa? Ta ce ita ta iya jira.

Na cire alamar. Ban manta wurin ba.

Yanzu bi da bi muke kiranta, in an dace da nas mai sarari. Wani lokacin sai ranaku su wuce ba ta ji kowa ba. Gidan har yau ba kowa, ni ke zuwa ba bishiyar lemonsa ruwa. In na bi ta bayan ɗakin wanki ina jin fankar kwamfutar tana juyawa a hankali. Ba na tsayawa, kuma ba na yin tari a wurin, kada ya ji ya tambaya.