Yadda Husaina Mai Nono Ta Koma Saja

Murjanatu matar wani maɗinki ce a Anka, zamanin da rediyo mai kaset ya fara shiga gidaje. Ba ta yi boko ba, amma baki, kai! In mata suka taru sussuka a gidanta, ba ruwanta da Gizo. Labaran Husaina mai nono take ƙagawa, Bafillatanar da ke shiga gidajen kulle da ƙwaryarta, tana awo tana baza ido, har ta gano ɓarawo. Kuma kullum, ka ji neman magana, ɓarawon mai gemu ne.

Labari ɗaya ne ba ƙage ba. Maƙwabciyarta Kulu, miji ya sake ta wai ta yashe masa rumbu, alhali shi ya kai geron kasuwar Gummi a ɓoye. Murjanatu ta sauya sunaye, ta sa Husaina ta tona shi. Mata duk sun gane. Albarkacin labarin nan Kulu ta sake ɗaga kai a bakin rijiya.

Sai ga ƙanen Murjanatu, Surajo, ma'aikacin gidan rediyo, da rakodarsa.

"Yaya, can ƙasar Japan mata na rubuta irin wanga, suna tonon maza. Ba ni shi duniya ta ji."

"Amma ban da sunana, ni matar aure ce."

"Awo, Yaya."

Ranar da za a sa wasan kwaikwayon da aka yi da labarin a rediyo, tsakar gida ta cika maƙil, Kulu a gaba-gaba da sabon kallabi. Ga rumbu, ga gero, ga kasuwar Gummi. Husaina fa? Babu! Wani Saja ne da ƙaton takalmi yake kutsawa ɗakin matar aure. A wane gari? Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya jawo buhun gero. Matar ce ɓarauniya. Aka rufe da cewa Malam Surajo ne ya tsara.

Daga baya ya ce wai manyansa ne suka hana a kunyata maigida a rediyo. Ƙanen da ta goya da zanenta! Har ta mutu ba ta ƙara ba da labari ba.

Amma a ranar, ana gama wasan, Kulu ta miƙe, ta ce, "Ashe haka kika gaya musu, Murja?"

Murjanatu ta bi ta tana kuka tana rantsuwa, har zaure. Nan ta tsaya, don matar aure ba ta wuce zaure. Kulu kuwa ba ta waiwayo ba.