Baba Inji, Mai Tsaron Wutar Ɗakin Bakwaini

An haifi marigayin da aka fi sani da Baba Inji a shekarar 1956, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Mahaifinsa mai gyaran fitila da risho ne, mahaifiyarsa kuma tela, shi ne na uku cikin 'ya'yansu bakwai.

Karatunsa

Ya shiga firamare a 1963, ya kammala makarantar koyon sana'a a 1975, inda malamansa suka shaide shi da cewa magana ba ta dame shi ba, amma da zarar ya kara kunne a jikin inji sai ya faɗi ciwonsa tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Aikinsa

A 1978 asibitin haihuwa na garin ya ɗauke shi aiki, aka damƙa masa ɗakin janareta, wani ɗaki marar taga da hayaƙi ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin. Benci ɗaya ne a ciki, sai jan ƙwan fitila a saman ƙofa wanda ke mutuwa duk sa'ad da wutar gari ta ɗauke. A bayan bangon kuwa ɗakin bakwaini ne, inda ake renon jarirai a cikin kwalabe masu ɗumi, wasunsu ma na'ura ce ke taya su numfashi. Ƙa'idar da ya gindaya wa kansa ita ce, daga mutuwar jan ƙwan zuwa tashin inji kada a cika minti ɗaya: ya ja sandar sauya layi, ya murza makulli, ya jira ƙara.

Aure da iyali

A 1983 ya auri 'yar maƙwabcinsu, malamar firamare, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Ba a taɓa ganin ya zauna wani taro har ƙarshe ba. An ruwaito cewa uwargidan ta taɓa ce masa, "Malam, ranar da na mutu ka roƙi jan ƙwan nan ya ba ka izinin raka ni." Shi kuma ya ce, "Ke dai ki daure ki zaɓi ranar da akwai wuta."

Raunin jiki

Zuwa 2005 ƙarar injin ta cinye kunnensa na hagu, ta taɓa na dama, hayaƙin gas kuma ya zauna masa a ƙirji. Daga nan sai ya koma sauraro da tafin ƙafa, yana aiki ba takalmi. Idan siminti na rawa, yara na numfashi. Idan ƙasa ta yi tsit, to ajali na bakin ƙofa. Injin ma ya tsufa tare da shi, sai an murza sau uku ko huɗu kafin ya kama.

Shekarar sauyi

A 2017 hukumar asibitin ta yanke shawarar komawa wutar sola, domin hayaƙin ya fara shiga ɗakin jariran ta taga. Cikin injiniyoyin da aka turo har da autarsa. Aka shimfiɗa faya-fayen sola a kan rufi, aka jera batura, aka bar tsohon injin da sandarsa na wata guda saboda ko-ta-kwana. Auta ta yi masa bayani sau biyu cewa yanzu idan aka ja sandar, an yanke ɗakin bakwaini daga batura ke nan. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce, "Abin da ba ya tari, ba ya gumi, ta ina zan san yana da rai?"

Ranar Talata, 14 ga Maris, da azahar, jarirai bakwai na cikin kwalba, jan ƙwan ya mutu. Baba Inji ya miƙe. Ƙasa tsit. Shekara talatin da tara na sabo suka kai hannunsa kan sandar, a daidai lokacin da auta, wadda ke duba batura a ɗakin gefe, ta faɗo ta riƙe ta da hannu biyu.

"Baba, kar ka ja! Akwai wuta!"

"Sake ni, uwata. Ba ki ji shirun nan ba? Daƙiƙa ashirin ta tafi."

"In ka ja kai ne za ka kashe musu. In tsohon nan ya ƙi tashi fa?"

"Yaushe aka haife ki da za ki koya min wuta? Talatin!"

Sandar ta fara rinjaya zuwa ɓangarensa, domin duk da tsufa hannunsa na ƙarfe ne. Sai ta saki, ta ja da baya, ta ce, "To, ga ta nan. Amma ka ba ni taku ashirin, ka gani da idonka. In ƙarya nake, kar ka sake kirana 'yarka."

Ya dube ta, ya dubi sandar, sannan ya fita da gudu yana tari. A ƙofar ɗakin bakwaini ya tarar da fitilu bakwai kore shar. Ya ɗora tafinsa a kan kwalba ta farko, ya ji ɗumi. Babbar nas ta ɗago kai daga takardunta ta ce, "Baba, wannan haki fa? Ko an ɗauke wuta ne?"

Washegari da kansa ya kwance sandar, ya miƙa wa auta a gaban abokan aikinta, a ƙarshen shekarar kuma ya yi ritaya.

Rasuwarsa

A watan Agustan 2023 ciwon ƙirji ya kwantar da shi a wannan asibitin na haihuwa, bisa alfarmar hukumar asibitin, aka sa masa na'urar numfashi. Sau biyu wutar gari ta ɗauke a ranarsa ta ƙarshe, bai sani ba. Ya rasu da hantsin Alhamis yana da shekara sittin da bakwai, aka yi masa sutura, aka binne shi bayan la'asar kusa da kabarin mahaifinsa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban direba ne, mai bi masa ungozoma, na uku ɗan kasuwa, sai auta injiniya, da jikoki goma sha ɗaya. Jariran nan bakwai kuwa, a shekarar da ya rasu suka shiga aji ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.