Yankan Salmanu

Duk wanda ya taɓa kai kekensa faci a Fagge a shekarun da arzikin man fetur ya fara haukata mutane ya san Salmanu. Rumfarsa tana gindin wata dalbejiya, shi kuma siririn mutum ne marar yawan magana, hannunsa kullum baƙi ƙirin da man kaca. Facinsa ba ya tashi, wannan kowa ya yarda. Amma faci hanyar abinci ce kawai, ran Salmanu yana silima.

Fim ɗin Indiya ne ya kama shi, musamman wani jarumi mai gashin baki da ke hawan farin doki. Sauran jama'a in sun fito daga silima waƙa suke kwasowa, su yi ta rera ta da Indiyancin da ko Ba'indiye ba zai gane ba. Shi Salmanu fuska yake kwasowa. Washegari, kafin kekuna su fara zuwa, sai ya ware takardar buhun siminti, wadda a lokacin ta fi komai yawa a Kano saboda kowa gini yake yi, ya ɗauki gawayi ya hau zane.

Babu wanda ya koya masa, ko mutum ɗaya. Zanensa na farko da ya kai gida, matarsa Hajo ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba mai tsiren nan na bakin tashar jirgi ba ne?" Bai sake yi mata magana ba sai bayan la'asar.

Sai da ya shekara biyu kafin ya gane cewa ido a tsakiyar kai yake, shi kuwa da can yana liƙa shi kusa da gashi. Hannu ya fi ba shi wuya. Ya daɗe yana ɓoye hannun jarumin a aljihu ko a bayansa, har abin ya fara ba shi kunya, domin mutum ba ya hawan doki da hannu a aljihu. Daga nan kullum da safe sai ya ajiye hannunsa na hagu a kan gwiwa ya zana shi, yau a dunƙule, gobe a buɗe, har ya cika shekara guda.

Launi kuma wata wahalar ce daban. Ya gwada bular wanki, rana ta shanye ta a kwana uku. Ya gwada lalle, jarumin ya wayi gari kamar mai ciwon shawara. Ya saci kwallin Hajo da jan-bakinta har ta koma ɓoye su a cikin kwalla. Daga ƙarshe dai ya gane sai fenti, fentin kuma shi ya kai shi kasuwar Sabon Gari, shagon Madam Obiageli.

Obiageli haifaffiyar Sabon Gari ce. Yaƙin basasa ya kore ta, da aka gama ta dawo ta sake buɗe shagonta na fenti da buroshi. Hausa a bakinta kamar jakin Kano, kuma ba ta iya ɓoye abin da ta gani ba. Ranar da ya fara nuna mata aikinsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam Salmanu, ka iya. Amma me ya sa mutanenka ba sa wanka? Dubi dauɗa a ƙarƙashin haɓarsa."

Inuwa ce ya yi da baƙin fenti. Ya ji haushi ƙwarai, amma a hanyar komawa Fagge ya yi ta leƙen wuyan mutane, har wani ya tambaye shi ko lafiya. A ranar ya gane cewa inuwar jikin mutum ba baƙa ba ce, kalar fatar ce ta ƙara duhu, da ɗan shuɗi kaɗan a ciki.

Akwai abu guda da ke cikin kowane zanen Salmanu, wanda sai ka matso sosai za ka gan shi: wani jan layi siriri kamar zare, ya ratsa wuyan jarumin daga wannan gefe zuwa wancan. Dokin ma yana da shi. Ko tsuntsu ya zana a sama, sai ya ja masa.

Asalin layin daga kawunsa ne, Malam Wali, wanda ke karantarwa a wani zaure a Fagge. Da ya ji labarin zanen, ya kira Salmanu ya gaya masa cewa mai suranta abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Salmanu ya tsorata, ya ajiye gawayi wata uku. Ya rame, ya daina dariya, facinsa ma ya fara tashi. Malam Wali ya dube shi wata rana tausayi ya kama shi.

"In ka kasa bari, to ka riƙa yanka su," in ji shi. "Abin da aka raba kansa da gangar jikinsa ba mai rai ba ne. Ban ce maka ya halatta ba fa. Na ce dai ya fi dama."

Tun daga ranar Salmanu bai sake gama zane ba sai ya yanka shi. Kuma bai taɓa rubuta sunansa a jikin ko ɗaya ba. A ganinsa, mutum mai hankali ba ya sa hannu a kan abin da za a iya kafa masa shaida da shi gobe.

Ana haka aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da gwamnati ta biya su a dunƙule. Akawun da jiya yake roƙon a yi masa faci uku a taya ɗaya, yau ya jefar da keken ya sayi babur, ya wuce rumfar Salmanu yana watsa masa hayaƙi ko gaisuwa babu. Gari ya cika da 'yan kwangila. Duk wanda ya iya ɗaura taye ya riƙe jaka ya zama injiniya, kuma ba mai tambayarsa abin da ya taɓa ginawa.

Dabo yana cikin irin waɗannan. Yana da shago kusa da kantin takalma na Bata, da allo a ƙofa mai cewa shi mai zane ne, da wani satifiket a cikin gilashi wanda ba wanda ya taɓa karantawa. Rubutun allon shago yana yinsa daidai gwargwado. Fuskar mutum kuwa, ko ta ƙadangare ba zai iya ba. Ya je sayen fenti wurin Obiageli, ya ga zanen jarumi a kan farin doki da ta rataye a bango, ya tambayi mai shi. Ita kuma da zuciya ɗaya ta yi masa kwatancen dalbejiyar.

Ya zo a kan babur, da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Ya ce Alhaji Abdulmuminu, mai wata silima da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, zai sake nuna fim ɗin mai farin doki, amma hotunan talla sun maƙale a jirgin ruwa a Legas. Yana neman mai zana masa babban allo.

"Kawo mafi kyau a cikinsu in nuna masa," in ji Dabo. "Ai irinku ba a barinku a gindin bishiya."

Salmanu ya ɗauko wanda ya fi so, wanda ya yi wata biyu a kansa, wanda hannun jarumin ya riƙe linzami kamar zai motsa. Ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya miƙa da hannu biyu. Har godiya ya yi masa, wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya.

Mako uku ba labari. Sai wata Laraba da hantsi wani mai keke ya ce masa, "Kai, an kafa mutuminka a silima, amma sun kashe shi."

Salmanu ya bar taya a cikin ruwa ya tafi. Tun daga nesa ya gane aikinsa. Allon ya fi tsayin mutum biyu, an kwafe zanensa gida-gida, ba a bar ko lanƙwasar gashin baki ba. A ƙasa ta dama, da manyan baƙaƙe rawaya, an rubuta DABO. Shi kuma siririn layin nan, da aka faɗaɗa komai, ya zama kaurin yatsa biyu. Dabo bai san mene ne ba, bai ma taɓa kallon fim ɗin ba, sai ya ɗauka rauni ne. Don ya nuna gwaninta, ya ƙara masa jini yana zuba har ƙirji. Dokin ma ya zuba masa.

Salmanu ya juya wa allon baya. Shekara tara yana koyon abin nan shi kaɗai, da gawayi da dariyar mutane, wani ya zo a kan babur ya ɗauke cikin minti biyar, kuma ko kwafar bai iya ba. Bai san wurin wanda zai kai kuka ba, sai ƙafarsa ta kai shi zauren Malam Wali.

Malam Wali ya saurare shi har ya gama, sannan ya yi murmushi. "To ai sai ka gode wa Allah, Salmanu. Wani ya zo da ƙafarsa ya ɗauke maka kaya. Sunansa ne a jiki. In an tashi tambaya, shi za a kira."

Salmanu ya ce, "Haka ne, Kawu," ya tashi. Ya yi ƙoƙarin ya ji sanyi a ransa, domin maganar tana da hanya. Amma har ya isa rumfa sanyin bai zo ba.

Fim ɗin da kansa ya tona asiri. Waɗanda suka san shi suka ce ƙarya ce, jarumin nan ba ya mutuwa. Waɗanda ba su san shi ba suka cika silima don su ga yadda za a yanka mutum da dokinsa, aka gama fim ba a yanka ko kaza ba. Suka fito suna zagi, suka yi wa allon ruwan ɓawon rake. Washegari da safe Alhaji Abdulmuminu ya sa aka kira Dabo a gaban allon, mutane suka taru. Obiageli ta rufe shagonta, ta biyo ta Fagge ta tasa Salmanu a gaba, tana cewa ita ta jawo masa, kuma ba za ta zauna ba.

"Mene ne wannan a wuyansa?" in ji Alhaji.

Dabo ya gyara taye. "Ranka ya daɗe, salo ne. Haka ake yi yanzu a Turai."

"Dokin ma salo ne?"

Kafin Dabo ya samo amsa, Obiageli ta kutsa ta ware zane huɗu a kan motar Alhaji. "Alhaji, duba wuyansu. Duk wanda ya taɓa shiga shagona ya san wannan. Ga mai shi nan, tambaye shi."

Alhaji ya sunkuya ya duba ɗaya bayan ɗaya, har da tsuntsun. Ya ɗago ya kalli Salmanu, da rigarsa mai man kaca.

"Ranka ya daɗe, yanka su nake yi," in ji Salmanu. "Don kada su zama masu rai."

Alhaji ya yi karatun zaure kafin ya shiga kasuwanci, saboda haka bai buƙaci ƙarin bayani ba. Wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce, "Ashe yankan Salmanu ne Baturen ya sato!" Dariya ta ɓarke. Babur ɗin Dabo bai tashi ba sai a bugu na huɗu, kuma ba wanda ya taya shi.

Kada a ɗauka Alhaji ya ba da haƙuri, ko ya tambayi yadda aka yi. Masu kuɗin lokacin ba su da wannan lokacin. Cewa kawai ya yi a kawo tsani da fenti, a gyara masa allo kafin la'asar.

Salmanu ya hau. Ya shafe jinin, ya mayar da wuyan jarumin yadda yake, da inuwarsa mai ɗan shuɗi a ƙarƙashin haɓa. Ya gyara hannun da Dabo ya mayar kamar tsintsiya. Ya wanke dokin. Sannan ya ciro ƙaramin buroshinsa daga aljihu ya ja siririn layinsa, na mutum da na doki, yadda daga ƙasa ba mai gani. Da azahar ya sauko matakala uku, ya shafe sunan Dabo da fenti, wurin ya zama fili.

Nan ya tsaya, da buroshi a hannu. Malam Wali, wanda labari ya iske shi a masallaci, yana tsaye a gindin tsanin da carbinsa. Ya ga Salmanu ya tsoma buroshin a jan fenti ya fara rubutu da ajami, daga dama, baƙi ɗaya bayan ɗaya.

"Salmanu," in ji shi a hankali, "ka san abin da kake rubutawa kuwa?"

Salmanu bai juyo ba sai da ya kai ƙarshen sunan.

"Na sani, Kawu. Shekara guda na yi kafin in iya hannun nan kaɗai. In an tashi tambaya, ni za a kira. Ko zunubi ne, nawa ne."