Ƙafafu Biyu a Bangon Asibiti

Shekara talatin Inna mai takalma ta yi a tsaye a shagonta, har siraran jijiyoyi suka fito mata a sharaɓa kamar saƙar gizo-gizo. 'Yarta ta matsa, ta kai ta asibitin da ake ƙone su da hasken leza.

Likita ya nuna mata hotuna biyu a bango: ƙafa kafin aiki, da ita bayan aiki, sumul. Inna ta daɗe tana kallo, da idon da ya saba auna ƙafa.

"Likita, injin naku har tsawo yake ƙara wa ƙafa? Wannan lamba talatin da takwas ce, waccan arba'in da ɗaya."

Likita ya hau goge tabarau. Inna ta lalubi takalminta a hankali.

"Tashi mu je, 'yar nan. Na bar shago ba kowa."