Jaket ɗin Ɗan Farin Baba Ɗanjuma

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, amma ban taɓa mantawa da Juma'ar da Baba Ɗanjuma na Darki ya yi sallama a soron gidanmu ba, rungume da buhu. Ku da kuke koyon ɗinki a wurina kullum kuna gunaguni wai na hana ku sa almakashi a rarar tufa idan kuna ragewa. To, yau ku ji dalili.

Farkon damina ne, kuma a lokacin kusan duk aikina na mutanen kara ne, kasuwar shanun nan ta Wudil. Akwai waɗanda ake kira 'yan rakiya, masu hawa saman tirela su raka shanu har kurmi, ruwa ya dake su, sanyi ya dake su. Su ne masu sayen manyan jaket da rigunan ruwa na gwanjo. Kayan kuwa don ƙattin wata ƙasa aka ɗinka su, in ɗan Wudil ya saka sai ka ce an rataya wa sanda buhu. Sai a kawo mini in rage, in canza zif, in yi faci inda ya yage.

Ni mace ce mai ɗinki a cikin gida, ba na ɗora tef a jikin namiji. Don haka mai aiki yakan haɗo da wata tufa tasa da ta yi masa daidai, ita muke kira ta gwaji. In shimfiɗa ta a kan jaket, in zana da alli, in farke shafin ciki, in rage. In an gama a mayar masa da kayansa duka biyu. Rabin mazan kara ban san fuskarsu ba, amma na san faɗin kafaɗarsu, na kuma san wanda tumbi ya fara yi wa sallama.

Baba Ɗanjuma manomi ne, abokin marigayi surukina, shi ya sa na yafa mayafi na fito da kaina. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara, na tambayi mutanen Darki da ruwan bana. Sannan ya zaro wata jaket ruwan toka mai kauri, mai hula a wuya.

“'Yata, so nake a rage wannan. Ta yaron nan ce.”

“Wane yaron, Baba? Ai yaran naka da yawa.”

Ya dubi tabarma. “Wancan dai na kurmi.”

Nan na gane Auwalu yake nufi, ɗan farinsa. Kun san dattawanmu da kunyar ɗan fari, ba a kama sunansa, ba a wasa da shi, balle a ce ana kewarsa. Labarinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Auwalu ya ce zai bi 'yan rakiya ana tsakiyar noma, Baba ya fusata ya ce masa a gaban mutane in ya tafi kada ya dawo. Yaro ya tafi, ya samu aikin lodin shanu a can, ya zauna shekara da shekaru. Ga waya a aljihun kowa, amma uba bai kira ba, ɗa bai kira ba. Taurin kai dai gadonsa suka yi. Sai ga shi Baba ya ji a bakin Malam Iro, shugaban 'yan rakiya, cewa ruwan can ya sa wa Auwalu tari.

Na ce ina ta gwaji. Ya miƙo wata 'yar taguwa da ta koɗe, a wanke, a ninke, tana warin akwati. Ina warware ta na ce, “Baba, wannan ai ta saurayi ce da ko gemu bai fara ba. Yanzu kam ta yi masa kaɗan.”

“Ni na haife shi,” in ji shi. “Na san jikinsa. Ki yanke daidai ita.”

Tausayinsa ya kama ni. Mutumin nan abin da ya rage masa na ɗansa ke nan, ba zan tsaya musu da shi a kai ba.

Da na ɗora taguwar a kan jaket, rarar da ta fito a kowane gefe ta kai tafin hannu. Yankewa ta fi sauƙi, ta fi kyan gani, kuma mai kaya da kansa ya ce a yanke. Amma Gwaggona da ta koya mini ɗinki ko rarar yatsa ba ta yarda a zubar ba, takan ce jiki ba ya zama inda aka bar shi. Sai na kalmashe rarar zuwa ciki, na danne ta da ɗinki, na mayar da shafi na rufe. Kaurin ya karya mini allura, na sha tsaki ni kaɗai, amma na gama.

Juma'ar da ta zagayo Malam Iro ya zo karɓa, Baba yana zaune. Iro ya ce, “In ce masa daga wa?”

“Ka ce daga gida.”

Daga nan Baba ya mai da soronmu zango. Duk Juma'a, ranar kasuwa, sai ya biyo, wai ruwa zai sha. Ya tambayi farashin zare, ya tambayi lafiyar kekena, ya yi zancen takin zamani. Tambaya ɗaya ce ba ya yi, ita ce kuma ta kawo shi. In ya ji ƙarar tirela a kan gada sai maganarsa ta tsaya.

Ana nan, wata Juma'a da la'asar sai ga Malam Iro da buhun nan dai. Baba yana hango hular jaket ta leƙo daga bakin buhun, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. A hankali ya ce, “Ya ƙi ke nan.”

Malam Iro ya ce, “Wa ya ce ya ƙi, Baba? Shiga ce ba ta yi ba. Ya zura hannu ɗaya, ɗayan ya maƙale, muka yi ta dariya, shi bai yi ba. Ya ce wa ya aiko, na ce daga gida. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sai ya tuɓe rigar jikinsa ya ba ni, ya ce a kai wa mai ɗinki, in da hali a buɗa daidai wannan.”

Baba ya juyo gare ni, idonsa ya kawo ruwa. “Ai ni na ce a yanke. Na ɓata ta da bakina.”

“Baba, ai ban yanke ba.”

Ban shiga ciki ba, nan soron na zauna na farke shafin da reza a gabansu. Rarar ta warware, na shimfiɗa rigar Auwalu a kai. Ta isa, da kyar, amma ta isa. Na shiga na hau keke, kafin magariba na fito da ita.

Na tarar Baba ya baje rigar ɗansa a kan cinyarsa. Riga ce ta aiki, wuyanta ya yi baƙi, tana warin gumi da shanu. Yana auna faɗin kafaɗar da taƙi, in ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko. Ba da mu yake magana ba da ya ce, “Ashe ya yi kafaɗa. Irin ta babana ce.”

Na ninke jaket na sa a buhu, na miƙa hannu in karɓi rigar in haɗa. Bai sake ta ba.

“'Yata, ita ta gwajin, dole ne ta koma?”

A ƙa'idarmu dole ne, ku ma kun sani. Na dubi Malam Iro, ya kau da kai yana gyara hularsa. Na ce, “Ba dole ba ne, Baba.” Ya ninke ta yadda take da dauɗarta, ya zura ta cikin babbar rigarsa ta wajen ƙirji, ya yi mana sai wata Juma'ar.

Auwalu bai dawo a wannan shekarar ba, har yau kuma Baba bai kama sunansa ba. Iro dai ya ce ko ba a ruwa jaket ɗin tana jikin Auwalu. Baba ya tsufa yanzu, ya daina shigowa kasuwa, ni kuma duk Juma'a sai na ji soron nan ya yi mini faɗi.

Abin da na koya shi ne, wanda ya kawo miki ta gwaji, wani lokaci mutumin da ya sani jiya ya kawo miki, shi kuwa mai rigar yana can yana girma. Kada ki yi masa musu, ki rage yadda ya ce. Amma ki kalmashe rarar a ciki, ko da za ta karya miki allura.